Bashen Tidjani Shofer

Duk wanda ya daɗe a Zongon Kwatano ya san Tidjani Shofer. Ko bai san sunansa ba, ya san tafiyarsa: dogo ne siriri, kafaɗarsa ta hagu a ɗage kamar har yanzu gwiwar hannunsa na kan tagar mota. Mutumin Gaya ne, can bakin kogi ta ɓangaren Nijar. Ya sauko kudu yana saurayi a bayan motar albasa, da niyyar ya yi rani ɗaya ya koma, sai ga shi furfura ta same shi a nan.

Sana'arsa kai motoci. Jirgin ruwa ya sauke tsofaffin motocin Turai a tasha, 'yan kasuwa su saya, su nemi wanda zai tuƙa musu zuwa Yamai ko Maraɗi ko Damagaram. Tidjani ya shiga, ya yi bisimilla, ya kama hanyar Paraku har Malanbil, ya haye gada, ya miƙa makulli ga mai ita, sa'annan ya dawo a motar haya ƙafafunsa a takure cikin buhunan mutane. Haka ya yi ta yi tun yana da ƙarfi har ƙarfin ya fara ja da baya. Babu irin motar da bai tuƙa ba, amma ko keke bai taɓa mallaka ba. Matarsa Ramlatu, wadda ke sayar da gwanjon kayan yara a kasuwar Missèbo, takan tsokane shi ta ce, "Malam, kai dai kamar mai rakiyar amarya kake. Ka kai ta ɗaki, ka dawo a ƙasa."

Yakan yi dariya, amma maganar na zauna masa a rai.

Wata ranar Lahadi ya je unguwar Placodji ta bakin teku sayen kifi, ya bi ta bayan wani gidan ƙanƙara, sai ya ci karo da ita. Tsohuwar Fijo ce mai buɗaɗɗen baya, irin wadda a Najeriya ake kira a-kori-kura, a nan kuwa bashe ake cewa. Tayoyinta sun nutse a rairayi, gilashin gaba ya fashe, iskar teku mai gishiri ta cinye ƙasan ƙofofinta har mutum na iya zura hannu. An shanya komar kamun kifi a kanta, kaza kuma ta yi gida a kujerar direba. Tidjani ya tsaya yana kallonta har ya manta da kifin. A irin wannan motar ya koyi tuƙi, wajen wani ubangidansa da ya daɗe da rasuwa. Ya ɗaga murfin injin da kyar, ya leƙa, ya shafa da hannu, ya ga injin na nan cikakke, babu wanda ya taɓa shi.

Mai ita wata tsohuwa ce, matar wani masunci da teku ta tafi da shi. Da ya yi mata magana sai ta dube shi sama da ƙasa, ta ce in ƙarfe yake so ya sayar wa masu awo, to ya ɗauka. Ya ce a'a, tayar da ita zai yi. Tsohuwar ta yi dariya har da tari, ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ga mahaukaci.

A Zongo babu inda za a ajiye mota. Lungunan ko amalanke da kyar take wucewa, ƙofar gidan da suke haya kuwa mai shayi ne a dama, mai tsire a hagu. Sai ya tafi wajen amininsa Abdoulaye, wanda ake kira Tolye saboda sana'arsa ta gyaran jikin mota. Abdoulaye mutumin garin Zugu ne, can arewa, gajere mai yawan surutu, yana da gareji a unguwar Ladji dab da bakin tafki. Da aka jawo bashen da igiya aka shigo da ita, ya zagaya ta yana riƙe da ƙugu.

"Shofer, wannan ai gawa ce ka kawo mini. Wanka za mu yi mata ko sallah?"

"Ka ba ni gefen can kawai, ƙarƙashin bishiyar nan. Ba zan takura maka ba."

"Haya za ka yi da ita?"

"A'a."

"To mene ne?"

Tidjani ya ce, "So nake wata rana in kai mota Gaya, in an ce ina mai ita, in ce ga ni."

Abdoulaye bai ƙara tsokanarsa ba. Ya sa aka share masa wurin.

Daga nan rayuwar Tidjani ta rabu biyu. In yana kan hanya, idonsa na kan kowane gareji da kowane juji na tsofaffin motoci. A Paraku ya samo gilashin gaba, a Dosso ya samo fitilu masu kyau wajen wani tsoho da ya adana su cikin tsumma, a Maraɗi ya samo kabireta. Sauran direbobi su dawo da kilishi da cuku, shi ya dawo da ƙarfe a buhu. In yana gari kuwa, da ya idar da sallar asuba sai ya kama hanyar Ladji. Ya kankare tsatsa da hannunsa har fatar yatsunsa ta saɓule. Abdoulaye ya yanke ruɓaɓɓen ƙasan motar ya yi waldar sabon ƙarfe. Suka sauke injin, Tidjani ya warware shi gaba ɗaya a kan buhu, ya wanke kowane ƙarfe da kananzir, ya jera su kamar mai baje koli.

Bai tsaya ga mayar da ita yadda take ba, sai da ya sa mata nasa. Ya ƙara mata ƙarfen sifirin ta ɗan ɗaga daga ƙasa saboda hanyar ƙauyensu mai yashi. Ya shimfiɗa katako mai kyau a bayanta, ya goge shi da mai har yana ɗaukar ido. Ya yi ɗan akwati bayan kujera na ajiye buta da dadduma. Ramlatu da farko ta yi ta mita, tana cewa mutum ya tashi daga tafiya maimakon ya huta sai ya je ya kwanta ƙarƙashin ƙarfe. Amma wata rana sai ga ta da wani bargon ulu mai kauri da ta tsinta cikin dilar gwanjo, ta ce a yi rigar kujera da shi. Ta kuma tambaye shi ko ƙofar ɓangarenta za ta riƙa rufuwa da kyau, don ita ba ta son iska a kunne. Tidjani ya gane ta shiga motar ke nan.

Ranar da injin ya fara tashi, hayaƙi baƙi ya turnuƙe garejin, awakin maƙwabta suka watse. Injin ya yi tari, ya yi gurnani, sa'annan ya daidaita. Tidjani ya zauna a kan tsohuwar taya yana saurare, bakinsa a buɗe, bai ma san Abdoulaye na dukan bayansa ba. Ya dawo gida da baƙin mai har a goshi, ya sayo wa 'yarsu Zouliha gasasshiyar kaza. Waɗanda suka san shi sun ce ba su taɓa ganinsa da fara'a irin ta wannan makon ba.

Ba a daɗe ba ya tafi kai wata mota Damagaram. Lokacin ƙarshen damina ne, lokacin da ruwan arewa ke gangarowa ya cika tafki. Mutanen Ladji sun saba da shi, kowace shekara sai ya leƙo ƙofar gida ya koma. Wannan shekarar bai tsaya a ƙofa ba. Abdoulaye ya fitar da motocin mutane da yake gyara, amma bashen na kan duwatsu babu tayoyi, ba yadda za a yi da ita. Da Tidjani ya dawo, a kwalekwale aka kai shi garejin. Rufin motar kawai ya gani da rabin gilashi, kainuwa ta kewaye ta.

Abdoulaye na zaune a bakin kwalekwalen ya kasa haɗa ido da shi. "Wallahi na yi iyakar ƙoƙarina, Shofer."

"Na sani."

Da ruwan ya janye, laka ta cika injin, katakon ya kumbura ya tsage, wayoyin wuta sun ruɓe, bargon Ramlatu yana wari. Mutane suka ce ai yanzu ya huta, Allah Ya nuna masa ba rabonsa ba ce. Liman ma ya ja shi gefe bayan sallar la'asar ya ce masa abin duniya ba a ɗora masa rai haka. Tidjani ya ce gaskiya ne, Allah Ya gafarta Malam. Washegari ya ɗauki sifana ya koma Ladji, ya fara warware injin daga farko.

Sai dai wannan karon aikin ba ya tafiya kamar da. Yakan ajiye ƙusa a gabansa ya yi ta lalube. Yakan ɗauki sifanar da ba ita ba. Kullum ƙishirwa, kullum fitsari, jikinsa na ramewa, yana cewa gajiyar hanya ce. A kan titi kuma fitilun motocin da ke tahowa sun fara watsuwa a idonsa kamar an zuba ruwa a gilashi. Bai gaya wa kowa ba. Direban da aka ji idonsa ya yi rauni, wa zai ba shi makulli?

Ana cikin haka aka rufe iyakar Nijar. Aka tare gadar Malanbil, motoci suka yi cirko-cirko, aikin kai motoci ya mutu murus. Direbobin da suka saba da hanya suka koma zaman benci a bakin masallaci suna sauraron rediyo. Abin da ya fi damun Tidjani, a daidai lokacin ne aka aiko cewa yayansa, wanda shi kaɗai ya rage masa a gidansu, ba shi da lafiya. Ya tafi a motar haya, ya haye kogi a jirgin ruwa tare da masu buhunan kaya, ya tarar an riga an binne shi. Ya zauna kwanakin makoki a gidan da ya girma, tsakanin yaran da ba su san shi ba sai a waya. Babu sauran wanda zai fito ya ce ina mai motar nan. Da ya dawo Ramlatu ta lura ya daina ambaton Gaya, amma bai daina zuwa Ladji ba.

Asirin idonsa ya tonu ne wata ranar kasuwa. Wani ɗan kasuwa ya ba shi mota ya kai masa gida daga tasha, tafiyar da ba ta kai komai ba. A wata mahaɗa wani ɗan acaɓa, waɗanda a nan ake kira zem, cikin rigarsu mai ruwan ɗorawa wadda ko makaho ake cewa zai gani, ya fito ta hagunsa. Tidjani bai gan shi ba sam, sai ƙarar faɗuwar babur ya ji. Allah Ya kiyaye, mutumin gwiwarsa ce kawai ta goge. Ya miƙe yana zagi da yaren Fon, jama'a suka taru. Tidjani ya fito daga motar ya tsaya, yana ba da haƙuri, yana kallon inda ba nan mutumin yake ba.

Zouliha ce ta kai shi asibiti. Likita ta haska idanun, ta sa aka gwada jininsa, ta ce ciwon sukari ne, ya daɗe a jikinsa yana ɓarna. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama za a yi ƙoƙarin riƙe abin da ya saura, amma maganar tuƙi ya manta da ita. A hanyarsu ta dawowa Zouliha na kuka a hankali, shi yana riƙe da gefen mayafinta don kada ya faɗa kwata.

Ramlatu ta zaci shi ke nan an rabu da Ladji. Da ta ga ya shirya da safe yana laluben takalminsa, ta tare ƙofa.

"Malam, don girman Allah, ina za ka?"

"Kin san inda za ni."

"Ka je ka yi me? Ko ta tashi, wa zai tuƙa ta? Ni? Ka zauna ka sha maganinka, ka bar ƙarfen nan ya koma inda ya fito."

Ya saka takalminsa. Sa'annan ya ce, "Maman Zouliha, in na zauna a ɗakin nan, me zan riƙa tunani? Ki gaya mini abu ɗaya da zan riƙa tunani, sai in zauna."

Ta kauce masa, ta fita ta tsayar masa da zem da kanta.

Da hannu ya ƙarasa aikin. Yatsunsa sun san kowace ƙusa, inda ya kasa kuma Abdoulaye ya kama masa, ba tare da ya nuna ya kama ba. Surutun Abdoulaye ya ragu ƙwarai. Da aka zo fenti, Tidjani ya ce shuɗi yake so, mai duhu, irin na rawanin Buzaye. Abdoulaye ya fesa mata da kansa, ya bar aikin mutane yana jira. Da ta bushe ya kamo hannun abokinsa ya kawo shi gabanta.

"To, ga amaryarka."

Tidjani ya matso da fuskarsa har hancinsa na kusan taɓa ƙarfen. Ya ja baya, ya karkata kai, ya rufe idon hagu da tafin hannu.

"Abdou, ta yi kyau?"

"Wallahi ko sabuwa albarka."

"Shuɗin ya fito?"

"Ya fito."

"Ni baƙi nake gani," in ji Tidjani. Ya shafa murfin injin tun daga gilashi har hanci, ya sake shafawa.

Ranar Lahadi suka fita gwada ta. Abdoulaye ne a sitiyari, Tidjani a kujerar da aka yi domin Ramlatu. Mutane na ɗaga musu hannu, 'yan zem na buga oda, wani tsoho ya biyo su yana tambayar ko ta sayarwa ce. Abdoulaye na ba shi labarin duk wannan, shi kuwa yana zaune hannuwansa a cinya, bai san inda zai ajiye su ba. Suka fita bayan gari har wani fili mai faɗi kusa da teku inda babu kowa sai itatuwan kwakwa daga nesa. Abdoulaye ya tsaya, ya fito, ya zagayo.

"Koma can. Babu ko akuya a gabanka. Ni ne idonka."

Tidjani ya zauna a mazaunin direba. Ya taka kuloci, ya sa giya, motar ta ɗaga a hankali yadda yake so. Ya sa ta biyu. Iska ta shigo ta taga. Abdoulaye na cewa miƙe, miƙe, ɗan karkata dama. Gabansa kuwa babu komai sai wani farin haske mai motsi, babu ƙasa babu sama. Mutumin da ya ratsa ƙasashe da mota ya ji gumi na karyo masa, ƙafarsa ta tafi kan birki da kanta. Motar ta tsaya, injin ya mutu.

"Ci gaba mana, fili na nan da yawa."

"A'a. Ya isa."

Ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Abdoulaye ya fita ya tsaya daga nesa yana kallon teku, har abokinsa ya kira shi ya ce su tafi gida.

Bayan wannan bashen ta zauna a garejin an lulluɓe ta da tampol. Tidjani ya rage zuwa, sai jefi-jefi ya je ya tayar da ita don kada batir ya mutu. Da damina ta sake matsowa, mai filin garejin ya ce Abdoulaye ya tashi, gini zai yi. Abdoulaye ma ya gaji, ya ce Zugu zai koma wajen 'ya'yansa. Ya zo har gida ya faɗa wa Tidjani, suna zaune a tabarma, shayi na hucewa a gabansu. Suka yi ta neman inda za a ajiye motar, babu. Zouliha ta tambayi mijin da za ta aura, ya ce shi babur ya iya, kuma gidansu ma babu fili.

A ƙarshe Alhaji Maishanu, wani dillalin dabbobi da suke sallah tare, ya karɓe ta. Ya yi alkawarin zai riƙe ta amana, kuma da gaske yake har ransa. Amma shi ɗan kasuwa ne, mota a wajensa ta aiki ce. Direbansa ya cire katakon bayan saboda fitsarin dabbobi na jiƙa shi, aka yi mata waldar kejin ƙarfe, aka fara ɗaukar raguna da ita daga kara zuwa mahauta. Kafin Babbar Sallah fitila ɗaya ta fashe, an ɗaure ƙofar baya da igiya. Ramlatu ta gan ta a hanyar Missèbo, ta dawo gida ba ta faɗa masa ba.

Yanzu Tidjani na zama a benci tsakanin mai shayi da mai tsire, da sanda a gefensa. Idon dama ma ya kusa ƙarasawa. Mutane na gaishe shi, Shofer ina gajiya, ya amsa da sunan kowa don ya san muryoyinsu. Wani lokaci motar Alhaji kan bi ta babban titi da lodin raguna. Rannan ta wuce tana wata ƙara kamar ana buga guduma cikin tukunya. Tidjani ya ɗaga kai ya bi ƙarar har ta ɓace.

"Ba sa duba mata baƙin mai," ya ce. "Ba za ta kai ƙarshen shekara ba."

Mai shayi ya ce, "In gaya wa Alhaji?"

Tidjani ya girgiza kai. "Bar shi," ya ce. "Tasa ce."

Ya lalubi sandarsa, ya miƙe, ya bi bango ya shiga gida, ko shayin bai shanye ba.